Faransa, 1789: Baitulmali Ya Riga Talakawa Juya Wa Sarki Baya

Tun bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, sunan Faransa ya shiga bakin matasanmu a nan Bauchi. A teburin mai shayi, a Facebook, har a cikin keke napep, sai ka ji wani ya ce: "Ai haka aka yi a Faransa. Burodi ya yi tsada, talakawa suka fito, suka fille kan sarki." Maganar da daɗin faɗa take, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Sai dai ta tsallake rabin labarin.

Yunwa ba baƙuwa ba ce a Faransa. A 1693 da 1694, zamanin Sarki Luwi na 14, yunwa da cututtukan da ke biyo bayanta sun kashe mutum fiye da miliyan ɗaya. A 1709 sanyi ya ƙone amfanin gona, aka sake mutuwa birjik. Sarkin ya ci gaba da mulkinsa har ya mutu a kan gadonsa a 1715. Shi kansa Luwi na 16 da aka fille wa kai, shekara guda da hawansa, a 1775, talakawa sun far wa kasuwanni da gidajen burodi a Faris da kewaye saboda tsadar gari. Aka turo sojoji, aka kama ɗaruruwa, aka rataye mutum biyu a bainar jama'a, ƙura ta lafa cikin 'yan makonni. To me ya sa abin da ya lafa a 1775 ya ƙi lafawa a 1789? Amsar da nake ba ɗalibaina a ajin tarihi ita ce, a wannan karon yunwa ta tarar da baitulmali wayam, ta tarar manyan ƙasa sun riga sun yi wa sarki tawaye, kuma sarkin da bakinsa ya ce wa jama'a su taru su faɗi abin da ke damunsu.

Ƙasar da Luwi ya gada

Luwi na 16 ya hau gadon sarauta a 1774 yana ɗan shekara 19. Zuwa 1789 ƙasar tana da mutum kusan miliyan 28, kuma ba matalauciyar ƙasa ba ce. Doka ta kasa mutanenta gida uku. Rukuni na farko limaman coci ne, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, amma coci na riƙe da kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar. Rukuni na biyu 'yan sarauta ne, su ma 'yan tsiraru, da kusan rubu'in ƙasar a hannunsu. Duk wanda ya rage, daga manomi da lebura har lauya da likita da attajirin da ke da jiragen ruwa a Bordeaux, ɗan rukuni na uku ne.

Mu tsaya kan manomi, domin shi ne mafi yawa. Ya girbe alkama, tun tana gona coci zai ɗebi ushirarsa. Ubangidan ƙasa, wato ɗan sarautar da ƙauyen ke ƙarƙashinsa, yana da nasa kason, wani wuri a kuɗi, wani wuri a hatsi. A ƙauyuka da yawa in zai yi niƙa dole sai a maniƙar ubangida, in zai gasa burodi sai a tandarsa, kuma kowanne da ladansa. Tattabarun ubangida su sauka a shuka, zomayensa su cinye tsiro, manomi yana kallo ba shi da ikon kashe ko ɗaya, don farauta ta 'yan sarauta ce. Bayan wannan sai harajin sarki, wanda a yawancin ƙasar ba ya hawa kan limami ko ɗan sarauta. Sai aikin tilas na gyaran hanyoyi. Sai gishiri, wanda gwamnati ce kaɗai ke sayarwa. A lardunan da ke kewaye da Faris doka ta wajabta wa duk wanda ya haura shekara 8 ya sayi kusan kilo 7 a shekara a farashin gwamnati, alhali mutanen Brittany ba sa biyan harajin gishirin ko kaɗan. Ka ga kuwa fasa-ƙwauri ya samu gindin zama, kuma duk shekara ana cika kurkuku da masu yinsa.

Ba wai manya ba sa biyan komai ba ne. Akwai harajin da ke hawa kansu, sai dai suna da hanyoyin rage shi, coci kuma ita ke yanke abin da za ta ba sarki da sunan kyauta. Harajin kaya da na gishiri ma ba ma'aikatan gwamnati ke karɓa ba. An ba da shi kwangila ga wani kamfanin attajirai, su biya sarki kuɗi a dunƙule, su kuma su tatsi abin da za su iya. A shekarun 1780 har ganuwa aka gina wa Faris saboda su, ba don tsaro ba, don kada buhun gari ko tulun giya ya shiga birni bai biya kuɗin ƙofa ba.

Duk wannan zalunci ne, amma tsohon zalunci ne. Kakannin mutanen 1789 a cikinsa suka rayu suka mutu.

Bashi

Sabon abu shi ne ramin da baitulmali ya faɗa. Faransa ta yi Yaƙin Shekara Bakwai daga 1756 zuwa 1763, ta sha kaye a hannun Ingila, ta rasa Kanada. Don ta rama, sai ta shiga yaƙin 'yancin kan Amurka a 1778. An yi nasara, Ingila ta ji kunya, amma yaƙin ya ci fiye da livre biliyan ɗaya (livre shi ne kuɗin Faransa na lokacin). Mai kula da kuɗin sarki a lokacin, Jacques Necker, ɗan banki daga Geneva, bai so ya ƙara haraji ba, sai ya riƙa ciyo bashi da ruwa mai tsada. A 1781 ya buga lissafin kuɗin gwamnati don jama'a su gani, abin da ba a taɓa yi ba, ya nuna wai akwai rarar kusan livre miliyan 10. Kuɗin yaƙi ne bai sa a ciki ba. Wannan lissafi ya zame wa waɗanda suka gaje shi ƙarfen ƙafa, domin duk wanda ya ce babu kuɗi sai a tambaye shi ina rarar da Necker ya bari.

A watan Agustan 1786 Calonne, wanda ke riƙe da kuɗin a lokacin, ya shaida wa sarki gaskiya: giɓin shekara ya haura livre miliyan 100, kuma masu ba da bashi sun fara ja da baya. Zuwa 1788 kusan rabin abin da gwamnati ke kashewa biyan bashi da ruwansa ne. Fadar Versailles da ake ta zagi, da duk almubazzarancinta, wajen kashi shida cikin ɗari take ci. Ko da sarauniya ta koma sa tsumma, ramin yana nan.

Ingila ma tana da bashi mai nauyi, amma ita majalisa ce ke amincewa da haraji kuma ke tsaya wa bashin, don haka ake ba ta rance da sauƙin ruwa. Sarkin Faransa ba wanda ke duba littafinsa, kuma magabatansa sun sha cinye bashi su share baki. Mai kuɗi ba ya manta irin wannan.

Manya suka ce a'a

Maganin da Calonne ya kawo bai da wuyar fahimta: haraji guda a kan ƙasar noma, kowa ya biya gwargwadon abin da ya mallaka, limami ko ɗan sarauta ko talaka. Matsalar ita ce wa zai amince. A Faransa akwai manyan kotuna goma sha uku, babbarsu ta Faris, kuma doka ba ta aiki sai sun shigar da ita a rajista. Alƙalan kotunan sayen kujerunsu suka yi ko suka gada, don sarakuna sun daɗe suna sayar da muƙamai in suna neman kuɗi. Kujerar da mutum ya saya da kuɗinsa kuwa ba a tuɓe shi daga kanta cikin sauƙi.

Calonne ya so ya zagaye su. A Fabrairun 1787 aka tara manyan ƙasa 144 da sarki ya zaɓo da hannunsa, da zaton za su sa albarka. Suka ce a kawo littattafan kuɗi su gani. A watan Afrilu aka sallami Calonne, aka ɗora ɗaya daga cikin masu sukarsa, babban limami Brienne, shi ma da ya ga lissafin sai ya dawo da kusan abin da ya soka. Kotun Faris ta ce ba mai ikon amincewa da sabon haraji sai Babban Taron Rukunai Uku, taron da rabon a kira shi tun 1614. Sarki ya kore alƙalan zuwa Troyes, ya dawo da su. A wani zama a Nuwamban 1787 da aka ce masa abin da yake yi ya saɓa doka, sai ya ce doka ce tunda shi ya so. A Mayun 1788 ya ƙwace ikon kotunan. A ranar 7 ga Yuni, a Grenoble, mutanen gari suka hau rufin gidaje suna jifan sojoji da fale-falen rufi don su hana a fitar da alƙalansu.

A lura da wa ke faɗa da wa. Shekara biyu cur rigimar tsakanin sarki da manyansa take, talakawa kuma suna yi wa alƙalai tafi, suna ganin su ne masu kare su daga mulkin kama-karya. Wasu daga cikin manyan da gaske suke, suna son a sa wa sarauta linzami. Wasu kuwa aljihunsu suke karewa. Mu 'yan Bauchi wannan gaɓa ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Malam Sa'adu Zungur a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya sarakuna yake ja wa kunne su yi gyara da kansu tun ba a yi musu ba, kuma a 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Arewa ya nemi a sake duba tsarin mulkin En'e. Manyan Faransa an kawo musu gyaran har gida sau uku, ta hannun Turgot, mai kula da kuɗin sarki da aka sallama a 1776, da Calonne, da Brienne, suka mayar da shi.

Ranar 8 ga Agustan 1788 sarki ya sallama, ya ce za a kira Babban Taron a Mayun baɗi. Ranar 16 ga watan baitulmali ya dakatar da biyan wasu basussuka da tsabar kuɗi. Kafin wata ya ƙare an dawo da Necker. Mulkin da sarki ke yin abin da ya ga dama a nan ya ƙare, wata goma sha ɗaya kafin a taɓa Bastille, tsohon kurkukun sarki da ke Faris.

Ƙanƙara

Ana cikin wannan sai sama ta sa baki. Bazarar 1788 fari aka yi. Ranar 13 ga Yuli aka yi ruwan ƙanƙara da ya kwantar da alkama a lardunan da ke ciyar da Faris, ana dab da girbi. Hunturun da ya biyo baya ya yi tsananin da har kogin Seine ya daskare, jiragen hatsi suka kasa tafiya, maniƙun da ruwa ke juyawa suka tsaya. Burodi mai nauyin kusan kilo biyu, wanda ake saye sou 9 (sou ƙaramin kuɗinsu ne) a Agustan 1788, ya kai sou 14 da rabi a Fabrairun 1789. Lebura a Faris yana samun sou 20 zuwa 30 a rana, ranar da ya sami aiki ke nan. Aikin ma ya yi wuya, don yarjejeniyar ciniki da aka ƙulla da Ingila a 1786 ta buɗe ƙofa ga yadin Ingila mai araha, kuma wanda kuɗinsa ya ƙare a burodi ba ya sayen riga. A ƙarshen Afrilun 1789 jita-jita ta bazu cewa wani mai masana'anta, Réveillon, ya ce a rage ladan ma'aikata. Aka wawashe gidansa, sojoji suka buɗe wuta, aka kashe mutane da dama.

Na taɓa ba wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Muda Lawal wannan labari, na ce masa farashin hatsi a Faris ya kai ƙololuwa a tsakiyar Yulin 1789. Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Malam, ai ko a nan haka ne. Tsakiyar damina, tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai nuna ba. Lokacin ne mutum ke kallon ɗan'uwansa da ke da buhu a ɗaki kamar shi ya jawo masa." Na ce, "Alhaji, su ma abin da suka ɗauka ke nan." Talakan Faransa bai yarda ƙanƙara ce kaɗai ba. Ya yi imani akwai masu ɓoye hatsi da gangan don su karya shi, kuma da aka fara rigimar siyasa sai ya san sunan da zai laƙaba musu.

Sarki ya ce a rubuto

Abin da na fi ganin nauyinsa a duk labarin shi ne wannan. Bisa tsohuwar al'ada, kafin Babban Taro kowace mazaɓa takan rubuta kokenta. Saboda haka a farkon 1789, daidai lokacin da yunwa ta fi tsanani, aka karanta sanarwar sarki a coci-coci cewa duk namijin da ya kai shekara 25 kuma sunansa na cikin littafin haraji ya zo a zaɓi wakilai, a rubuta abin da ke damun jama'a. Aka rubuta takardun koke dubun-dubatai. Manomin da bai taɓa jin an tambaye shi ra'ayi ba ya zauna da maƙwabtansa, aka lissafa tattabaru da maniƙa da gishiri da ushira ɗaya bayan ɗaya, aka sa hannu, aka aika wa sarki. Kusan babu takardar da ta nemi a kawar da sarauta. Yawancinsu yabon sarki suke yi, suna kiransa uba. Amma mutane da yawa sun ɗauka tunda sarki ya tambaya, to ya yarda ke nan a gyara, kuma duk wanda ya ci gaba da karɓar tsohon haƙƙi umarnin sarki yake saɓawa. Wasu ƙauyuka tun daga nan suka daina biya.

A birane kuma farin jinin alƙalai ya zube rana ɗaya. A Satumban 1788 kotun Faris ta yanke cewa a yi taron yadda aka yi a 1614, wato kowane rukuni ya zauna daban da ƙuri'a guda, limamai da 'yan sarauta biyu, sauran ƙasa ɗaya. A Disamba sarki ya yarda a ninka wakilan rukuni na uku, amma ya yi gum a kan yadda za a ƙirga ƙuri'a, wanda shi ne zancen. A Janairu wani limami, Sieyès, ya fitar da ɗan littafi yana tambaya mene ne rukuni na uku, ya amsa da cewa shi ne komai, amma har yanzu ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

Akan ce rubuce-rubucen masana falsafa irin su Voltaire da Rousseau ne suka kawo juyin. Su biyun sun mutu tun 1778, kuma manomin da ya ƙona takardun ubangidansa bai karanta su ba. Abin da suka yi shi ne sun ba lauyoyin da suka cika kujerun rukuni na uku kalmomin da za su yi magana da su. Sarauniya Marie Antoinette, 'yar Ostiriya, ita kuma ta zama jujin zuba haushi, musamman bayan badaƙalar sarƙar lu'ulu'u ta 1785 wadda ba ta da hannu a ciki. Maganar da ake jingina mata cewa in babu burodi su ci kek, babu hujjar cewa ta faɗe ta.

Daga Mayu zuwa Yuli

An buɗe taron a Versailles ranar 5 ga Mayun 1789 da wakilai kusan 1,200. Mako shida ana jayayya a kan zama tare ko zama daban. Ranar 17 ga Yuni rukuni na uku ya ayyana kansa Majalisar Ƙasa, kuma ƙananan limaman ƙauye, waɗanda ba su fi mabiyansu arziki da yawa ba, suka fara sauya sheƙa zuwa wurinsu. Ranar 20 suka tarar an kulle zaurensu, suka koma wani ɗakin wasan tanis suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta tsarin mulki. Ranar 23 sarki ya ce su watse, suka ƙi. Ranar 27 ya ce sauran rukunan su je su same su. A lokaci guda kuma yana tara sojoji a kewayen Faris, da yawansu 'yan haya daga Suwizalan da Jamus. Wannan hali na Luwi, ya ba da abu da hannun dama yana laluben sanda da na hagu, shi ya cinye masa amincin kowane ɓangare.

Wata ɗalibata ta taɓa tambayata, "Malam, to ina sojojin da suka kashe wutar 1775?" Suna nan, sai dai rundunar da ke tsaron Faris a cikin gari take zaune, burodin da kowa ke saye shi suke saye. Tun 1781 kuma aka yi dokar cewa ba mai shiga aikin soja kai tsaye a matsayin hafsa sai wanda ya gaji sarauta tun kaka da kakanni, don haka tsakanin kurtu da hafsa akwai rami. A ƙarshen Yuni wasu suka ƙi bin umarni, aka kulle su, jama'a suka fasa kurkukun suka fito da su.

Ranar 11 ga Yuli sarki ya sallami Necker. Labari ya iso Faris washegari, masu kuɗi suka ji tsoron za a cinye musu bashi, talakawa suka ji tsoron burodi zai ƙara tashi, kowa kuma ya ji tsoron sojoji. Aka banka wa yawancin ƙofofin harajin nan na ganuwa wuta. Da safiyar 14 ga Yuli aka kwashe bindigogi wajen 30,000 daga gidan tsofaffin sojoji na Invalides, amma babu albarushi. Albarushin yana Bastille, shi ya kai su can, ba fursunoni ba, don mutum bakwai ne kacal a tsare. An kashe kusan mutum ɗari daga cikin masu harin kafin sojojin da suka sauya sheƙa su iso da igwa. Kwamandan ya miƙa wuya, aka kashe shi a hanya. Hafsoshin sarki suka shaida masa ba za su iya ba da tabbacin sojoji za su yi harbi ba. Ya janye su, ya dawo da Necker.

Ƙauye ya ɗauka daga nan. A ƙarshen Yuli jita-jitar 'yan fashi ta ratsa larduna, manoma suka ɗauki makamai, da ba su ga 'yan fashi ba sai suka nufi gidajen iyayen gidansu, abin da suka fi nema kuwa shi ne kundin da aka rubuta haƙƙoƙin da ake binsu, su ƙona. A daren 4 ga Agusta Majalisa ta soke gatan rukunai da ushirar coci, ranar 26 ta fitar da sanarwar 'yancin ɗan Adam. A 5 ga Oktoba dubban matan kasuwa suka taka kusan kilomita 20 cikin ruwan sama zuwa Versailles suna neman burodi, washegari suka taho da sarki da iyalinsa Faris. Har a lokacin sarkinsu ne. Sai da ya yi yunƙurin guduwa aka kama shi a Varennes a Yunin 1791, sannan yaƙi ya ɓarke da Ostiriya a 1792, kafin a soke sarauta ranar 21 ga Satumban 1792, a fille masa kai ranar 21 ga Janairun 1793.

Bashin kuwa Majalisa ta gaje shi, kuma ta yi alkawarin biya, don da yawa daga cikin masu bin bashin mutanenta ne. Ranar 2 ga Nuwamban 1789 ta ƙwace kadarorin coci ta mayar da su na ƙasa, bisa shawarar da wani bishop, Talleyrand, ya kawo, ta buga takardun kuɗi a kansu. Aka yi ta bugawa har takardun suka zama ba su da daraja. A 1797 gwamnatin jamhuriya ta soke kashi biyu cikin uku na bashin.